Jinin Yaro, Shaidar Gari

Mu ɗauka wata safiya ce ta hunturu a wani ƙauye na ƙasar Kusada. An gama girbin gero da dawa, rumbuna sun cika, yara sun koma makaranta. Sai ga mota ta tsaya a bakin firamare, ma'aikatan lafiya suka fito da akwatunansu. Suka gai da mai unguwa, suka gai da hedimasta, suka ce suna so su soki yatsan yara 'yan aji ɗaya da aji biyu, su ɗauki ɗan ɗigon jini. Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama gari. Iyaye mata suna tambayar juna ta kan danga, suna cewa yaran nan lafiyarsu lau, suna ci suna wasa, me za a yi da jininsu? Ga tsoho can a bayan gari da kumburarriyar ƙafa shekara da shekaru, me ya hana a je wurinsa?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma mai tambaya ba ya ɓata. A wannan wata muna so mu amsa ta dalla-dalla, domin ranar da irin waɗannan ma'aikata suka iso garinku, kowane maigida da kowace uwargida su san abin da ake nema a cikin ɗigon nan, da abin da yake iya faɗa, da wanda ba ya iya faɗa.

Tsutsa iri-iri ce

Dukanmu mun san macijin ciki, wanda yakan fito a bayan gidan yaro, wani lokaci har ta baki. Shi ba ya bukatar gwajin jini. Malamin asibiti yakan ɗauki ɗan bayan gida, ya duba da madubin likita, ya ga ƙwayayensa a fili. Manyanmu kuma ba su manta da kurkunu ba, wanda yakan kwantar da manomi daidai lokacin shuka. Shi ma ba ya ɓoyewa har abada, bayan kamar shekara guda sai ya huda fata ya fito. A binciken da aka fara a 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, amma da tace ruwa da tsare tafkuna aka ci ƙarfinsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa ya ƙare a ƙasar nan.

Akwai 'yan'uwan waɗannan tsutsotsi da suka fi su wayo. Sirara ne kamar zare, suna zama cikin jiki shekaru ba wanda ya gan su. Uku daga cikinsu ne za mu yi magana a kai. Ta farko ita ce mai kawo tundurmi da gwaiwa, wadda sauro yake ɗauka daga wannan ya kai wa wancan, sauron nan dai na zazzaɓi da yake haihuwa a kududdufan damina. Ta biyu ita ce mai kawo makantar kogi, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda yake yaɗawa. Ta uku tana zaune a cikin hanji, likitoci suna kiranta Strongyloides, takan shiga mutum ta tafin ƙafa in ya taka ƙasar da aka yi bayan gida a kai.

Yadda ake nemansu dā

Neman tsutsar tundurmi aiki ne na dare. 'Ya'yanta ƙanana suna ɓuya can cikin jiki da rana, sai dare ya raba su fito cikin jinin da yake kusa da fata, daidai lokacin da sauro yake cizo. Wani likita mai suna Patrick Manson ne ya gano a ƙasar Sin, a 1877, cewa sauro ne yake ɗaukar su. Saboda wannan hali nasu, dole ma'aikata su je ƙauye tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 2, su tashi mutane daga barci, su ɗauki jini a hasken fitila. Masu bincike sun bi ƙauyukan gundumar Malumfashi, kudu da mu, suna neman wannan tsutsa a jinin mutane, aka buga abin da suka samu a 1982. Ashe cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Amma wane maigida ne zai ji daɗin a buga masa ƙofa da tsakar dare a ce a fito da iyali a soke su?

Tsutsar makantar kogi kuwa, 'ya'yanta a cikin fata suke yawo. Sai a yanki ɗan ƙanƙanin fata a ƙugu, a sa a ruwan gishiri, a jira su fito a gan su da madubi. Akwai zafi, mutane da yawa sukan ƙi. Ban da haka, in tsutsar ta yi ƙaranci a jiki, sai a yanka a duba ba a ga kome ba, alhali tana nan.

Maƙeran da suke cikin jini

Sai masana suka sake dabara. Suka ce in ɓarawo ya iya ɓuya, bari mu duba ko masu gida sun yi shirin faɗa da shi. Jikin mutum yana da wasu ƙwayoyi a cikin jini waɗanda aikinsu kamar na maƙera ne. Duk abokin gaban da ya shiga jiki, sai su ƙera makami daidai da shi, yadda mabuɗi yake daidai da kwadonsa. Makamin da aka ƙera domin ƙyanda dabam, wanda aka ƙera domin tsutsar makantar kogi dabam. Waɗannan makamai su ne likitoci suke kira antibodi. Suna yawo a cikin jini dare da rana, saboda haka ba sai an tashi kowa daga barci ba, ba kuwa sai an yanki fata ba.

Ga yadda gwajin yake. Masana sukan ɗauki wani ɗan sashe na jikin tsutsar, su shafa shi a kan takarda ta musamman ko a cikin 'yan ramukan wani faranti. Sai a zuba jinin mutum a kai. In akwai makamin da aka ƙera domin wannan tsutsa, zai kama sashen nan ya manne, sai launi ya fito. In babu, ruwa ya wanke kome, wurin ya zauna fari. Sashen da ake amfani da shi domin makantar kogi sunansa Ov16, an bayyana shi a 1991. A 2014 aka fito da ɗan katin gwaji da ake iya karantawa nan take a ƙauye, cikin kamar rabin sa'a. Sau da yawa kuma akan ɗiga jinin a kan takarda, a shanya ya bushe, a kai babban ɗakin gwaji inda ake dubawa da na'ura.

To, a nan ne ya kamata mu kasa kunne. Gidan da ɓarawo ya taɓa shiga, maigida yakan ajiye gora a bayan ƙofa, kuma gorar tana nan ko bayan ɓarawon ya bar gari. Haka antibodi yake. Yana faɗa mana cewa tsutsa ta taɓa shiga wannan jiki, amma ba ya faɗa ko tana nan yau, ko ta mutu shekaru da suka wuce.

Dalilin da ya sa yara ake nema

Wannan ne amsar tambayar iyayen nan mata. Dattijo ɗan shekara 60 yana iya ɗauke da makamin da jikinsa ya ƙera tun yana saurayi. In an same shi a jininsa, labarin dā ya ba mu. Yaro ɗan shekara 6 kuwa ba shi da dā. In aka sami makamin a jininsa, to, cikin shekara shidan nan ƙuda ko sauro ya sa masa tsutsa, wato cutar tana yawo a garin har yanzu. In aka gwada yara dubbai ba a samu ba, alama ce hanyar cutar ta yanke. Jinin yaro shi ne shaidar gari duka.

Sanin haka yana da muhimmanci saboda maganin da ake rabawa. Tun 1987 kamfanin Merck na Amurka yake ba da ƙwayar ivermectin kyauta, wadda aka fi sani da Mectizan, ita ce wadda ake auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi. Mutum biyun da suka gano ta, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Amma ƙwayar 'ya'yan tsutsa take kashewa, ba ta kashe uwar. Uwar tsutsar makantar kogi tana iya rayuwa har shekara 15 a cikin wani ƙullutu a ƙarƙashin fata, tana ta haihuwa. Shi ya sa dole gari duka ya riƙa shan ƙwayar kowace shekara har iyayen tsutsar su tsufa su mutu. In aka daina da wuri, cutar ta dawo, wahalar shekaru ta tafi a banza. In kuwa aka ci gaba bayan cutar ta ƙare, an ɓata ƙarfi da kuɗin da wani gari yake bukata. Wa zai faɗi ranar da ya kamata a tsaya? Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ta ce a gwada yara 'yan ƙasa da shekara 10, kamar 3,000 a yanki guda, kuma masu makamin kada su kai ɗaya cikin dubu. Ta ce a kama ƙudajen ma dubbai a duba ko suna ɗauke da tsutsa.

Abin da ya faru a Filato da Nijar

An riga an bi wannan ƙa'ida a ƙasarmu. A jihohin Filato da Nasarawa, inda koguna suke gudu a kan duwatsu, wurin da baƙin ƙudan nan ya fi so, an yi fiye da shekara 20 ana raba ƙwayar tare da taimakon Cibiyar Carter. A 2017 aka gwada jinin yara fiye da 6,000, aka sami makamin a jinin biyu kacal. Aka duba ƙudaje fiye da 19,000, ba a sami ko ɗaya mai tsutsa ba. Saboda shaidar yaran nan, a 2018 aka dakatar da rabon magani ga mutum fiye da miliyan 2. Aka sa ido shekara uku, cutar ba ta dawo ba, a 2021 Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa yaɗuwarta ta ƙare a jihohin biyu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun wuce nan ma. Ranar 30 ga Janairu, 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, ita ce ta farko a Afirka, ta biyar a duniya bayan Kolombiya, Ekwado, Meksiko da Gwatemala. Iyayen da suka yarda aka soki yatsan 'ya'yansu suna da rabo a wannan nasara, ko da yake ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Mu a ƙasar Kusada da Kankiya rafukanmu na yashi ne, sukan ƙafe da rani, baƙin ƙudan nan ba ya jin daɗin irin wannan wuri. Amma samarinmu suna tafiya cin rani da ƙwadagon noma kudu, inda yake. Wanda ya dawo da ƙaiƙayi mai hana barci, ko ƙullutu a ƙugu, ko ido yana dushewa, ya faɗa wa likita inda ya zauna, domin wannan bayani yakan nuna wa likita gwajin da ya dace.

Tundurmi da gwaiwa

Sauro kuwa ba sai mun yi tafiya ba, yana cikin ɗakunanmu. A 2000 aka fara babban shirin duniya na kawar da tsutsar tundurmi. A ƙasarmu ana haɗa ivermectin da wata ƙwaya mai suna albendazole, gari duka ya sha sau ɗaya a shekara, aƙalla shekara 5. Bayan haka sai a je makarantu a gwada yara 'yan shekara 6 da 7, irin zuwan da muka kwatanta da farko. Katin da aka fi amfani da shi a wannan gwaji yana neman wani abu ne da uwar tsutsar kanta take zubarwa a cikin jini, wato yana nuna ɓarawon yana cikin ɗaki yanzu. Akwai kuma gwajin antibodi na wannan tsutsa, mai suna Wb123, wanda yakan nuna alama tun da wuri. Duka biyun da rana ake yin su, da ɗigon jinin yatsa.

Sai mu koma ga tsohon nan mai kumburarriyar ƙafa. Abin mamaki, sau da yawa in an gwada jinin irinsa ba a samun tsutsa. Ta riga ta lalata hanyoyin ruwan jiki ta mutu, ɓarnar ce ta rage. Kada wanda aka gaya wa haka ya ce ashe jifa ne aka yi masa, ya tafi neman mai karya sammu. Ƙwayar da ake rabawa ba za ta mai da ƙafarsa yadda take dā ba, amma akwai taimako na gaske. A wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta kowace rana, a tsane ta sosai har tsakanin yatsu, a kula da kowane ɗan rauni, a ɗaga ta in an zauna ko an kwanta, a sa takalmin da bai matse ba. Wannan yana rage zazzaɓi da zafin da yakan taso wa mai tundurmi, yana hana kumburin ƙaruwa. Gwaiwa kuwa ana yi mata aiki a asibiti ta warke. Maza da yawa suna ɓoye ta shekaru saboda kunya, har noma ya gagare su. Uwargida, in maigidanki yana cikin wannan hali, ki ƙarfafa shi ya je.

Tsutsar hanji da sha ka fashe

Ta ukun nan, Strongyloides, tana da wani hali da sauran tsutsar ciki ba su da shi. Tana iya haihuwa a cikin hanji, 'ya'yanta su sake shiga jikin mutumin ba tare da sun fita waje ba. Ta haka takan zauna tsawon rai. An sami sojojin Ingila da aka tsare a ƙasashen Bama da Tailan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suna ɗauke da ita fiye da shekara 30 bayan sun koma gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita a duniya tsakanin miliyan 300 da miliyan 600. Yawancinsu ba su sani ba, sai ɗan ciwon ciki, ko gudawa mai zuwa tana tafiya, ko ƙaiƙayi. Gwajin bayan gida sau ɗaya yakan kuskure ta ƙwarai, domin 'ya'yan da suke fitowa kaɗan ne. A nan gwajin antibodi ya fi kama ta, amma sai a manyan ɗakunan gwaji ake samunsa.

Haɗarinta yana tasowa ne ranar da ƙarfin jiki ya faɗi. Akwai magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda suke kwantar da masu tsaron jiki. Likita yakan ba da su bisa dalili, da awo. Amma mun san ana sayen irinsu a kemis da kasuwa ba tare da takardar likita ba, wasu domin ciwon gaɓoɓi, wasu 'yan mata domin su yi ƙiba, a cikin abin da ake kira sha ka fashe. Mai wannan tsutsa in ya daɗe yana shan su, tsutsar takan yi yawa ba iyaka, ta bazu har huhu, ta ja ƙwayoyin cuta daga hanji zuwa jini, kuma da yawa ba sa tashi. Ga shi kuwa ivermectin tana kashe ta in an sani da wuri. Iyaye, ku duba abin da 'ya'yanku mata suke sha gabannin biki. Wanda kuma likita zai ɗora a kan irin wannan magani na dogon lokaci, ya tambaya ko ya kamata a fara maganin tsutsa tukuna.

Iyakar gwajin

Kowane ma'auni yana da iyakarsa. Maƙeran jiki ba sa gama aiki rana ɗaya, saboda haka wanda tsutsa ta shiga kwanan nan gwajinsa yana iya fitowa babu kome. Akwai kuma mutanen da suke da tsutsar makantar kogi amma jikinsu ba ya ƙera makamin da katin yake nema. Wani lokaci makamin da aka ƙera domin wata tsutsa yakan kama sashen 'yar'uwarta, sai gwajin ya nuna abin da babu. Domin haka likitan kirki ba ya yanke hukunci da kati kaɗai. Yakan haɗa da abin da mai ciwo ya faɗa, da inda ya zauna, da abin da idonsa ya gani. In aka ce an sami alama a jinin ɗanku, kada hankalinku ya tashi. Ba a ce zai makance ba, ba a ce ƙafarsa za ta kumbura ba. Ku tambayi ma'aikatan mataki na gaba, ku bi shi.

In sun zo garinku

Mun san tsoron ba da jini yana da tushe. Mutanen arewa ba su manta da gwajin maganin da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a shekara da shekaru. Saboda haka hakkinku ne ku yi tambaya. Ma'aikatan gaskiya sukan biyo ta hannun hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma da hakimi da mai gari, sukan bayyana cutar da suke nema, kuma ba sa taɓa yaro sai da yardar iyayensa. Ku duba ku ga an buɗe sabon tsinken suka domin kowane yaro, an jefar da shi bayan an gama. Jinin da ake ɗauka 'yan ɗigo ne, alhali yaro ɗan shekara 6 yana da fiye da lita guda a jikinsa. Ba a sa masa kome a jiki, zafin kuma bai wuce na ƙaya ba.

In kun gamsu da amsoshinsu, ku bar yaran su miƙa yatsa, ku kuma yi wa maƙwabta bayani, domin in rabin gari ya ɓoye 'ya'yansa, shaidar ba ta cika ba, hukuma kuma za ta yanke shawara a kan rabin labari. Ranar rabon ƙwaya kowa ya sha nasa, sai waɗanda aka keɓe, wato mata masu ciki, da yara ƙanana da ba su kai awon sanda ba, da masu ciwo mai tsanani. Ku kwana cikin gidan sauro, ku gina masai ku yi amfani da shi, yara su sa takalmi. Rigakafi ya fi magani. Iyayenmu sun ga ƙarshen kurkunu da idonsu, muna kuwa sa zuciya yaran da ake sokan yatsansu yau za su girma su ba jikokinsu labarin tundurmi kamar yadda muke ba da labarin kurkunu.